Sabon Gida, Tsohon Bashi: Abin da Mai Tarewa Ya Kamata Ya Tuna

A ƙarshen daminar da ta wuce, ƙanen wani abokina ya gayyace ni walimar tarewa a gidan da ya gina a gefen garin Kafanchan. Ciki biyu ne da falo. Ba a yi filasta ta waje ba, ba katanga, tagar ɗaki ɗaya ma da buhu aka toshe ta. Amma duk wanda ya dubi fuskar saurayin nan a ranar zai ɗauka fada ya gina. Malamin sakandare ne, shekara bakwai yana haya da matarsa da 'ya'ya biyu a ɗaki ciki da falo, kowace shekara mai gida ya ƙara kuɗi.

Da liman ya shafa fatiha, sai yaron ya taso ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya sa masa makulli a hannu, ya ce, "Baba, kai za ka buɗe." Dattijon tela ne, kekensa da kayan mutane duk sun ƙone lokacin da wuta ta ci kasuwar Kafanchan a rikicin 2011, ya sake farawa daga tushe. Hannunsa na rawa ya buɗe ƙofar, ya ce, "Allah ya sa rai aka yi wa. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Mahaifiyar kuwa ba ta ce komai ba sai da ta shiga. Ta shafa bangon falon da tafin hannunta, ta juyo wajen ƙanwarta tana murmushi, ta ce, "Kin ga wannan? Adashina ne na shekara biyu."

Bayan la'asar na rage wa dattijon hanya zuwa gidansa a cikin gari, ruwa ya tare ni a can. A ɗakinsa na ƙirga roba uku da bokiti ɗaya a ƙasa, kowanne yana tarar yoyo. Ya ga inda idona ya tsaya, ya ce, "Na tara kuɗin kwano bandir biyu, sai ginin yaron nan ya kai linta ya tsaya. Na ce nawa ya jira. Kada ka gaya masa, bari ya ji daɗin gidansa."

Tun daga ranar maganar nan ba ta bar raina ba. Yaron ya yi godiya, kuma godiyarsa ta gaskiya ce, na ga hawayensa. Amma bai san farashin abin da yake godiya a kai ba. Ina ganin haka mafi yawanmu muke. Gidan farko da matashi ke shiga a ƙasar nan, in an bi sawun kuɗinsa, guzurin tsufan iyayensa ne aka mayar da shi bulo da siminti. Wanda aka yi wa irin wannan, godiyar da ke kansa ta wuce durƙuso da jawabin ranar walima.

Garin baƙi, garin haya

Sai mutum ya san yadda Kafanchan ta tashi kafin ya gane dalilin da mallakar gida ke da nauyi a zuciyar mutanenta. Fantswam suna nan tun fil azal, da maƙwabtansu Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro. Abin da ya mayar da wurin birni shi ne jirgin ƙasa. A shekarun 1920 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya ratsa Kafanchan zuwa Kaduna, a 1927 kuma reshen Jos ya balle daga nan. Garin ya zama mahaɗa. Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauran ƙabilu suka yi ta sauka, wasu aikin reluwe ya kawo su, wasu fatauci. Ba a daɗe ba fadar Sarkin Jama'a ma ta baro tsohon mazauninta ta dawo kusa da tasha.

Mafi yawan waɗannan mutane a gidajen ma'aikata suka zauna ko a ɗakunan haya. Ma'aikaci ya yi shekara talatin a gidan hukuma, ranar da ya ajiye aiki ranar zai miƙa makulli. Sunan unguwar Bayan Loko kaɗai ya isa ya tuna wa mutum zamanin. Da harkar jirgi ta durƙushe, sai kwalejin ilimi ta Gidan Waya da makarantar koyon aikin jinya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna suka ci gaba da kawo ɗalibai da ma'aikata, dukansu masu neman ɗaki. Haya ba ta taɓa yin kwantai a garin nan ba.

Sannan ga tabon da kowa ya sani. Rikicin Maris na 1987 daga kwalejin ilimi ya faro. An sake yi a 1999 kan sarauta, aka yi mafi muni a Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda ya taɓa Kafanchan da Zonkwa da ƙauyuka da yawa. Iyalai na kowane ɓangare sun kwana da gida sun wayi gari da toka. Bayan haka mutane suka koma sayen fuloti inda masu addininsu suka fi yawa, wasu suka sayar da gidan gado da araha suka ƙaura. Saboda haka uban da ke matsa wa ɗansa cewa ya samu nasa, ko ɗaki ɗaya ne, ba don ado yake faɗa ba. Ya ga yadda rashin matsuguni ke wulaƙanta mai mutunci.

Wa ya gina gidan?

Mu yi lissafi a fili. A farkon 2023 buhun siminti tsakanin naira 4,000 da 5,000 ake sayensa. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, naira kuma ta faɗi, sai ga shi a Fabrairun 2024 ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, har gwamnati ta zauna da manyan kamfanonin siminti a kan maganar. Rodi da kwano da katako da tifar yashi duk suka bi sahu. A Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ke nan ƙaramin ma'aikaci in ya ƙi ci ya ƙi sha ya ƙi biyan haya, albashinsa na wata ya saya masa siminti buhu bakwai ko ƙasa da haka a wancan farashin. Kowane birkila zai gaya maka wannan ko harsashin gini bai isa ya fitar ba.

Banki fa? Kuɗin ruwan bankunan kasuwanci ya wuce kashi 25 cikin ɗari, ba mai albashin da zai ɗauki wannan ya yi gini ya kwana lafiya, ga Musulmi kuma akwai maganar riba. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan kashi 6 cikin ɗari. Tsari ne mai kyau a takarda. Amma yana neman takardar shaidar mallakar fili da shaidar albashi mai ɗorewa, alhali mafi yawan filayen da ke kewaye da Kafanchan takardarsu ita ce ta ciniki, mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Ɗan acaɓa da makaniki da mai shagon caji kuwa da wuya su shiga lissafin.

To, ina kuɗin ke fitowa? Daga gida. Uba ya yanka wa ɗansa fuloti daga gonar da yake ci da ita, ko ya sayar da rabinta ya saya masa a gari. Wanda ya yi ritaya ya karɓi garatuti, kafin ya sayi ko sabuwar riga ya aika wa ɗansa kuɗin bulo. Uwa ta kwashi adashi ta miƙa, ta sayar da akuyoyinta, ta sayar da ɗan kunnen da ta ajiye don ranar ciwo. A gidajen 'yan'uwanmu Kirista na ga uwar da ta yi kiwon aladu shekara da shekaru, ta kai su kasuwar Katsit, kuɗin ya tafi wajen kafinta. A ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko kuwa citta ce bankin iyali. Buhunanta sun biya kuɗin makaranta, sun yi aure, sun rufa gidaje ba adadi. Shi ya sa cutar da ta faɗa wa citta a daminar 2023, ta ruɓar da mafi yawan gonaki, ba manoma kaɗai ta kayar ba. Gine-ginen 'ya'yansu da yawa sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunan.

Akwai kuma iyayen da ake mantawa da su ranar walima. A al'adar Hausawa, ango ya gina ɗaki, amma gado da katifa da kujeru da labule da kayan kicin daga gidan amarya suke fitowa. Uwa takan fara tara kwanuka tun 'yarta ba ta gama firamare ba. Namiji ya zauna a kan kujerar da surukinsa ya ci bashi ya saya, ya ce da baƙi, "Allah ya taimake ni na yi gida." Gaskiya ne Allah ne ya taimake shi, amma ta hannun mutane ya yi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gandu ya watse, rabin alkawari ya rage

Taimakon uba ga ɗansa wajen samun ɗaki ba sabon abu ba ne. A da, tsarin gandu ne ke riƙe da gida. 'Ya'ya maza suna noma gonar ubansu, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, in lokacin aure ya yi ya biya sadaki ya ware wa yaro wuri a cikin gida. Ranar gini a kira gayya, samari su kwaɓa ƙasa, a ɗaga jinka, mata su yi abinci. Sauran ƙabilun kudancin Kaduna ma suna da irin nasu tsarin, na babban gida da gonar iyali. Abin lura shi ne, alkawarin fuska biyu gare shi. Uba ya tsayar da ɗa, ɗa kuma ya zauna kusa, in ƙarfin uba ya ƙare ya karɓi fartanya. Ba mai tambayar wa zai kula da tsoho, domin tsarin da kansa ya amsa.

Yau makaranta da aikin albashi da neman kuɗi sun watsa gandu. Yaro yana Kaduna ko Abuja ko Jos, ko yana nan Kafanchan amma a wata unguwa, da nasa ƙofar. Wannan ba laifi ba ne, zamani ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, ɓangaren uba na alkawarin yana nan daram, har ya ƙaru: kuɗin makaranta tun daga firamare har jami'a, kuɗin aure, ga kuma fuloti da kwano. Ɓangaren ɗa kuwa ya koma ganin dama. In ya tuna ya aiko, in bai tuna ba a ce hidima ce ta yi masa yawa. Manomi ba shi da fansho, tela ba shi da fansho, mai tuyar ƙosai ba ta da shi. Fanshonsu shi ne abin da suka zuba a kan 'ya'yansu. Duk matashin da ya karɓi wannan ya rufe ƙofa ya ce ya huta, ya ci rabonsa na alkawarin ya bar nasu a ƙasa.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Ingila, inda gidaje suka yi tsada, 'yan jarida har laƙabi suka sa wa abin, suna cewa bankin uwa da uba. Wasu ƙasashen kuma sun ga inda abin ke kaiwa, suka sa doka. Singafo ta yi dokar ciyar da iyaye a 1995, wadda ta ba tsoho damar kai ƙarar ɗansa in ya yi watsi da shi. Indiya ta yi tata a 2007, har ta tanadi cewa iyayen da suka ba ɗansu dukiya bisa sharaɗin zai kula da su, in ya saɓa ana iya soke kyautar. Ba na fatan mu kai ga ranar da uba zai tsaya gaban alƙali yana neman tuwo daga ɗansa. Amma waɗancan ƙasashen ma suna da al'adar girmama iyaye mai ƙarfi, kuma al'adar kaɗai ba ta hana abin faruwa ba.

Godiyar da ke da ƙafa

Musulmi da Kirista na yankin nan sun sha bamban a abubuwa da yawa, amma a kan haƙƙin iyaye bakinsu ɗaya. A Suratul Isra'i an jera kyautata wa iyaye kusa da bautar Allah, aka kuma ambaci lokacin tsufansu musamman, lokacin da ɗawainiyarsu ke yin nauyi. A Dokoki Goma girmama uwa da uba na cikin jerin. Na halarci addu'ar buɗe gida ta wani abokin aikina ta wajen Kagoro, fasto ya sa albarka, zumuntar mata suka yi waƙa, aka kira iyaye gaba aka yafa musu atamfa da shadda. Daɗin da tsofaffin nan suka ji ba ya misaltuwa. Kada kowa ya raina wannan. Yaba kyauta tukwici ne, kuma iyaye suna son a faɗa a gaban mutane cewa sun yi ƙoƙari.

Sai dai atamfa takan tsufa, hoton da aka sa a Facebook kwana biyu ya nutse. Godiyar da ke ɗorewa tana da alamomin da ake gani.

Ta farko, ka san abin da aka kashe maka. Iyaye ba sa faɗa, sai ka bincika. Tambayi Gwaggo ko Kawu, su suka san wace gona aka jinginar, wane bashi ake bin Baba a wajen mai siminti, adashin wa Mama ta karɓa a kan za ta biya. In akwai bashi, kai ya kamata ka sauke shi kafin ka sayi talabijin.

Ta biyu, ka jera buƙatu yadda suka dace. Tayil da silin na zamani da fentin waje za su iya jira. Rufin da ke yoyo a kan mahaifinka ba zai jira ba, haka masai da ya rufta, haka maganin hawan jini da na ciwon suga da ake saye kowane wata. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Ta uku, ka yanka musu wani abu tsayayye. Ko naira dubu biyar ce a wata, in sun san ranar zuwanta ta fi dubu hamsin da ke zuwa sai an yi ciwo an kira waya. Abin da ya fi ci wa dattijo rai shi ne ya buɗe baki ya roƙi ɗan da ya haifa. Ka raba shi da wannan kunyar.

Ta huɗu, ƙafa. Zumunta a ƙafa take. Mutum yana Kafanchan, iyayensa suna Kafanchan, amma sai Sallah ko Kirsimeti ake ganinsa, wannan ba uzuri. Wanda ya sami hali kuma ya ware musu ɗaki a sabon gidan, ko ba za su zauna ba, su san in dare ya yi musu ko jiki ya ƙi suna da wurin kwana ba tare da sun zama baƙi ba. A nan matan gida suna da babban rabo, kamar yadda miji ma ke da nasa wajen iyayen matarsa. Wanda ke son a girmama uwarsa ya fara girmama uwar da ta cika masa ɗaki da kaya.

Kalma ga iyaye da 'yan'uwa

Adalci ne a juya ta ɗaya gefen. Akwai iyayen da taimakonsu kan zama igiya. Don Baba ya ba da fuloti, sai ya zama shi ke yanke wanda zai zauna a gidan. Don Mama ta ba da kwano, sai matar ɗa ta rasa sakewa a ɗakinta. Wannan yana ɓata ladan kyautar, yana kuma kashe aure. Wanda ya ba da gida ya bar masu gida su zauna.

Babbar matsalar ma ita ce ta 'yan'uwa. Sau da yawa ɗa ɗaya ake tara wa ƙarfi, galibi babban namiji ko wanda ya yi boko, ƙannensa suna kallo, 'yan'uwansa mata kuwa wasunsu tallarsu ce ta biya masa kuɗin jarrabawa. A al'adun ƙabilu da dama na yankin nan mace ba ta gadon filin gida, ke nan ita ta ba da gudummawa amma ba ta da rabo. Malamai suna kawo labarin sahabi Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida saboda ba a yi wa sauran 'ya'yan irinta ba. Darasin a bayyane yake. Uba ya tara 'ya'yansa ya faɗa da bakinsa: wannan kyauta ce ko rance, kuma me aka tanadar wa saura. A rubuta, shaidu su sa hannu. Wanda aka ba shi fili ya bi sawun takardarsa a hukumar filaye ta jiha, KADGIS, tun mai bayarwa yana raye, domin tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 takardar gwamna ce ke da ƙarfi a filin birni. Shari'o'in gado da ke raba 'yan ɗaki ɗaya, da yawansu daga kyautar baki suka samo asali. Wanda aka ɗaga kuma ya sani cewa jan ƙannensa wani ɓangare ne na biyan bashin iyayensa.

Hukuma ma da nata. Muddin samun takardar fili yana da wuya da tsada ga talaka, muddin rancen gina gida bai isa ga mai sana'ar hannu ba, to tsofaffi ne za su ci gaba da zama bankin matasa. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf za su iya fitar da filaye masu hanya da ruwa a farashin da malamin makaranta zai iya biya kaɗan-kaɗan, a wuraren da Musulmi da Kirista za su sake zama maƙwabta. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da na 'yan kasuwa, da masallatai da majami'u, su ma za su iya shirya adashin gini mai tsari. Kowane buhun siminti da matashi ya samu ta wannan hanya, akuyar wata tsohuwa ce ta tsira.

Amma ba sai an jira hukuma ba. Kai da ka tare a bana, ko kake shirin tarewa, ina taya ka murna, Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zaman lafiya ne. Yi walimarka, yi addu'ar godiyarka, ka durƙusa ka ba Baba makulli ya buɗe. Washegari kuma ka tafi gidan da aka haife ka, ka shiga har ƙuryar ɗakinsu, ka ɗaga kai ka dubi rufin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in mai ɗakin mahaifinka ne ba zai taɓa gaya maka ba. Ka kira kafinta tun damina ba ta faɗi ba, tun suna da ran da za su sa maka albarka.